Cutar Hantinton: gadon da ba a rabawa gaban alƙali

Babu gidan da bai san yadda ake rabon gado ba a ƙasar nan. Idan mai gida ya cika, akan tara ƴaƴa, a kira malami ko a je gaban alƙali, a lissafa gona da gida da dabbobi da kayan kanti, a biya bashi, sannan kowa ya karɓi rabonsa. Amma akwai wani gado da ba ya jiran mutuwar uba, ba ya zuwa gaban alƙali, ba kuma mai iya cewa ya yafe nasa kason. Shi ne wanda ke bin jini daga iyaye zuwa ƴaƴa, kamar tsawo da launin fata da kamannin fuska, wani lokaci kuma har da cuta. A kan ɗaya daga cikin cututtukan nan nake so mu tsaya wannan mako, wadda likitoci ke rubutawa Huntington a takardunsu, mu kuma mu ce Hantinton. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, tana cin ƙwayoyin jijiya sannu a hankali, har yau kuma ba a samu maganin da ke warkar da ita ba.

Na san wani zai ce ina ruwanmu da cuta mai sunan Bature, alhali zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da tamowa ba su bar mu mun sarara ba. Gaskiya ne ba ta da yawa. Ko a Turai da Amurka, inda aka fi ƙidaya ta, mutum 5 zuwa 10 ne ke fama da ita cikin kowane 100,000. An daɗe ana ɗauka cewa da wuya ta kama baƙar fata, har likitoci suka same ta a Najeriya da Togo da Burkina Faso da Afirka ta Kudu, a asibitin Point G na Bamako kuma aka tabbatar da ita da awon jini cikin gidaje da dama na ƙasar Mali. Jini bai san iyakar da Turawan mulki suka shata ba. Abin da aka gani kudu da mu da yamma da mu, babu dalilin da zai hana shi zama a Gobir ko Adar ko Damagaram.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. Awon jini na gano cututtukan gado yana ta shigo mana, ya fara da amosanin jini, ba kuma nan zai tsaya ba. Cutar Hantinton ita ce ta fara jefa likitocin duniya cikin wata tambaya mai wuya: me za a yi idan awo ya iya gaya wa mutum mai ƙoshin lafiya abin da zai kashe shi nan da shekara 20 ko 30, amma likita bai iya kau da shi ba? Ra'ayina shi ne, sanin sunan cutar haƙƙin gidan da take ciki ne, domin rashin saninsa na cinye dukiya da mutunci. Amma sanin wane ne ke ɗauke da ita tun ba ta fito ba amana ce ta mai jinin shi kaɗai, babu hukuma ko uban gida ko suruki da ya isa ya tilasta masa.

Yadda take kama mutum

Sunan ya fito ne daga George Huntington, wani likita ɗan Amurka da ya bayyana cutar a rubuce a 1872, yana ɗan shekara 22. Abin da ya ba shi damar gane ta shi ne ubansa da kakansa duk likitoci ne a gari guda, a tsibirin Long Island, sun kuma yi shekara da shekaru suna duba gidaje guda, tun daga kaka har jika. Da ya haɗa abin da suka gani da abin da ya gani, sai ya lura cewa cutar na bin zuriya, ba ta fitowa sai mutum ya girma, tana kuma taɓa hankali har ta kai wasu ga kashe kansu. Ya kuma lura cewa duk ɗan da ya tsufa bai kamu ba, to ƴaƴansa da jikokinsa sun tsira.

Galibi takan bayyana tsakanin shekara 30 zuwa 50 da haihuwa, wato daidai lokacin da ɗan kasuwa ya kafu, ma'aikaci ya fara hawan muƙami, an yi aure an tara ƴaƴa. Ba da motsin jiki takan fara ba a koyaushe. Sau da yawa hali ne ke fara sauyawa: mai haƙuri ya koma mai saurin fushi, mai himma ya koma kamar zuciyarsa ta mutu, wani kuma ƙuncin rai ya lulluɓe shi ba tare da sanadin da aka sani ba. Sai tunani ya yi nauyi, lissafin da mutum ke yi da ka ya gagare shi, ya kasa haɗa aiki biyu lokaci guda, ya kasa tsara abin da zai yi gobe. Bayan haka sai jiki ya ɗauka. Yatsu su riƙa motsi da kansu, kafaɗa ta fizga, fuska ta yamutse, kofi ya suɓuce daga hannu, tafiya ta koma tangaɗi kamar ta wanda ya bugu. Wannan ne ya sa likitoci suka ari kalmar Girkanci mai ma'anar rawa suka raɗa wa motsin.

Da tafiya ta yi nisa, magana takan sarƙe, haɗiyar abinci ta yi wuya, mutum ya riƙa ƙwarewa da ruwa, ya rame ko da yana ci. Daga bayyanar alamu zuwa mutuwa akan yi shekara 15 zuwa 20, kuma abin da ya fi kashewa shi ne ciwon huhu sakamakon abincin da ke bin hanyar numfashi, sai kuma faɗuwa. Ya kamata masu jinya su riƙe wani abu guda: harshe na riga fahimta mutuwa. Majinyacin da ya kasa ba da amsa yakan ji abin da ake faɗa a kansa, yakan kuma gane ƴaƴansa har kusan ƙarshe.

Inda ɓarnar take

Jikin ɗan Adam ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, cikinsu kuma akwai littafin umarni da mutum ya gada, rabi daga uwa, rabi daga uba. Littafin ya kasu kashi 23, kowane kashi kwafi biyu, masana na kiransu kuromozom. A kashi na 4 akwai wani layi da ake maimaita haruffa uku a jere, waɗanda masana suka yi wa alama da C da A da G. Kowa na da layin nan, ni da kai mai karatu. Bambancin yana ga yawan maimaicin. Idan bai wuce 26 ba, lafiya lau. Daga 27 zuwa 35 mai shi ba zai kamu ba, sai dai adadin na iya ƙaruwa a jikin ɗansa. Daga 36 zuwa 39 cutar na iya fitowa, tana iya ƙin fitowa. Daga 40 zuwa sama kuwa, in dai an yi tsawon rai, babu makawa. Kamar magatakarda ne hannunsa ya zarce yana nanata kalma guda, har takardar ta daina ba da ma'anar da aka nufa.

Daga layin nan jiki ke ƙera wani sinadari da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aiki da shi. Idan maimaicin ya yi yawa, sinadarin kan fito a gurɓace, ya zama guba. Inda ya fi yi wa ɓarna shi ne wani sashe can tsakiyar ƙwaƙwalwa, wanda aikinsa ya yi kama da na mai gadin ƙofa: ya bar motsin da aka yi niyya ya wuce, ya tare wanda ba a yi niyya ba. Idan mai gadin ya raunana, sai kowane motsi ya kutso, haka ma fushi da maganar da da mutum zai haɗiye. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2025 ya ƙara haske kan dalilin da ya sa cutar ke jinkiri. Ashe maimaicin na ci gaba da tsawo cikin ƙwayoyin wannan sashe shekara da shekaru ba tare da ya cutar da su ba, sai ya haura wajen 150 sannan ƙwayar ta lalace ta mutu.

Game da yadda ake gadonta, a nan ne mutanenmu za su fi saurin ruɗewa, domin abin da suka saba ji shi ne amosanin jini, wanda wasu ke kira sikila. Shi amosanin jini sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi, sannan a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 1 cikin 4 a haifi mai ciwon. Hantinton kuwa mutum guda ya isa, uwa ko uba, kuma kowane ɗa, mace ko namiji, yana da kashi 1 cikin 2. Kamar a jefa dala sama ne, ko ta faɗi ta wannan fuska ko ta waccan, kuma jifan yau bai san na jiya ba. Gida mai ƴaƴa 6 duka suna iya tsira, duka suna iya kamuwa. Saboda haka ba auren zumunci ne ke haddasa ta ba, auren bare kuma ba ya kore ta. Masu saurin cewa matar nan ce ta kawo mana ciwo gida su san cewa ta wajen uba ne maimaicin ya fi saurin ƙaruwa, akasarin waɗanda cutar ke kamawa tun ba su kai shekara 20 ba daga ubansu suka gada.

Akwai wata ƴar'uwarta da aka gano a 2001, mai alamu kusan iri ɗaya, amma kuskurenta yana kashi na 16 na littafin, kuma kusan duk waɗanda aka same su da ita jinin Afirka gare su. Haka nan ba kowace karkarwa ko fizga ce Hantinton ba. Ciwon sukari da ya yi tsanani, da shanyewar ɓarin jiki, da wasu magunguna, da wani ciwon maƙogwaro da ke kama yara, duk suna iya jawo motsi mai kama da wannan, da yawansu kuma ana magance su. Hukuncin na likita ne, ba na majalisar bakin kasuwa ba.

Abin da rashin sani ke ci

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Mu ɗauki ɗan kasuwar da cutar ta fara taɓawa ba wanda ya gane. Zai ba da bashi ya manta, ya sayi hajar da ba ta da kasuwa, ya yi faɗa da abokan cinikin da ya shekara 20 yana hulɗa da su. Kafin jikinsa ya fara fizga, jarin ya riga ya zube. Daga nan sai a ce jifa ne, a fara nuna yatsa ga kishiya ko maƙwabcin rumfa. Abin da ya rage na dukiya sai ya bi hanyar boka da mai girka da mai maganin da ke rantsuwa cewa kwana 40 sun isa. A sayar da gona, a sayar da gida, ciwo na nan inda yake, zumunci kuma ya tsinke.

Ma'aikacin gwamnati ma haka. Wanda ya zo ofis yana tangaɗi, magana na sarƙewa, takardu sun taru bisa teburinsa, me za a ce da shi in ban da mashayi? Sai takardar neman bahasi, sai kwamitin ladabtarwa, sai kora, ya rasa albashi da kuɗin ritaya a daidai lokacin da iyalinsa suka fi bukatarsu. Ba mu kaɗai ke faɗawa wannan rami ba. Woody Guthrie, mashahurin mawaƙin talakawan Amurka, ya daɗe ana masa kallon mashayi ko mahaukaci kafin a gane ainihin ciwonsa a 1952. Mahaifiyarsa a gidan mahaukata ta mutu da cutar, shi ya rasu a 1967 yana da shekara 55, biyu daga cikin ƴaƴansa mata ma ita ta kashe su. A shekarar rasuwarsa ce tsohuwar matarsa Marjorie ta kafa ƙungiyar yaƙi da cutar, ta fito da gidajen da ke ɓoye majinyatansu fili.

Shi ya sa nake cewa suna kaɗai ma magani ne, ko da bai warkar da jiki ba. Ranar da likita ya ce wa iyali ga abin da ke damun mahaifinku, ranar ce kishiya ta fita daga zargi, boka ya rasa ciniki, ƴaƴa suka gane cewa zagin da uba ke yi musu ba ƙiyayya ba ce. Ranar ce kuma za a iya zama a lissafa bashi, a naɗa wanda zai riƙe kanti, a rubuta wasiyya tun mai ita na da ikon faɗin abin da yake so.

Masunta na tafkin Marakaibo

Ilimin da muke da shi yau kan cutar nan talakawa ne suka biya shi da jininsu. A bakin tafkin Marakaibo na ƙasar Benezuwela akwai ƙauyukan masunta da cutar ta yi wa katutu fiye da ko'ina a duniya. Wani likitan ƙasar mai suna Américo Negrette ne ya fara bayyana halin da suke ciki a shekarun 1950. A 1979 wata masaniya ƴar Amurka, Nancy Wexler, wadda cutar ta kashe mahaifiyarta a 1978, ta fara zuwa ƙauyukan. Ita da abokan aikinta sun yi fiye da shekara 20 suna komawa, suna ɗibar jini, suna rubuta wa ya haifi wa, har suka haɗa salsalar mutum fiye da 18,000. Da taimakon wannan jini aka gano a 1983 cewa kuskuren yana kashi na 4, a 1993 kuma aka kama layin kansa. Tun daga lokacin ɗigon jini ya isa a gaya wa mutum ko ya gada ko bai gada ba.

Sai wani abin mamaki ya biyo baya. Kafin a samu awon, akasarin ƴaƴan gidajen da cutar ke ciki sukan ce da akwai shi da sun yi. Da ya samu, a yawancin ƙasashe waɗanda suka yarda aka auna su ba su kai 1 cikin 5 ba. Ita kanta Nancy Wexler, wadda aikinta ya haifar da awon, ta zaɓi kada a auna ta, sai a 2020 ta sanar wa duniya cewa cutar ta bayyana a jikinta. Wannan ba wauta ba ce. Mutane sun auna nauyin labarin ne suka ga cewa wanda aka gaya wa ba ya iya mayar da shi, alhali babu maganin da za a miƙa masa tare da takardar sakamako.

Idan sani ya faɗa hannun hukuma

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan wasu suka karɓe wannan sani daga hannun masu shi. A 1916 Charles Davenport, jagoran masu aƙidar tace zuriya a Amurka, ya kafa hujja da gidajen masu Hantinton wajen neman a kashe musu haihuwa, a kuma tare irinsu a bakin iyaka. A 1932 wani likitan ƙasar ya buga cewa kakannin gidajen nan mayu ne da aka hukunta a zamanin da, maganar da daga baya aka gano ba ta da tushe, amma ta yi shekaru tana yawo cikin littattafan likitanci. A Jamus kuwa, dokar da gwamnatin Hitila ta kafa a watan Yuli na 1933 ta ambaci cutar da sunanta cikin jerin waɗanda za a yi wa aikin kashe haihuwa da ƙarfin tsiya. Wajen mutum 400,000 masu larurori dabam-dabam aka yi wa haka. Sakamakon a ko'ina guda ne: gidaje suka koyi ɓoyewa, uwa ta ƙi gaya wa ɗa abin da ya kashe kakansa, cutar kuwa ta ci gaba da bin jini cikin duhu.

Daga wannan darasi ne ƙungiyoyin likitocin jijiya na duniya da na iyalan majinyata suka fitar da ƙa'idoji a 1994. Ba a auna kowa sai da yardarsa. Ba a auna yaron da bai kai shekarar yanke wa kansa shawara ba, matuƙar ba shi da alamun ciwo. Ba a ba da sakamako sai bayan an zauna da mutum an fahimtar da shi, ba a kuma miƙa shi ga wani ba da izininsa ba. A 2008 Amurka ta kafa dokar da ta hana mai ɗaukar aiki da kamfanin inshorar lafiya nuna wa mutum bambanci saboda abin da ke jininsa.

To, ga ƙorafin da na san za a yi, kuma ƙorafi ne mai ƙarfi. Uban yarinya zai ce, ashe ba ni da haƙƙin sanin gidan da zan kai ƴata? Ashe ba mu ne muke kiran a yi awon amosanin jini kafin aure ba? A jihar Kano ta Najeriya ma an sa hannu a 2024 kan dokar da ta wajabta awon jini kafin ɗaurin aure. Me zai hana a ƙara wannan cikin jeri?

Amsar ita ce awon biyu ba abu guda suke faɗa ba. Awon amosanin jini yana magana ne kan haɗuwar mutum biyu. Idan bai dace ba, kowa lafiyarsa ƙalau, kowa na iya samun wani abokin zama da jininsu ya dace. Awon Hantinton kuwa yana magana ne kan mutum guda, yana gaya masa makomar jikinsa da hankalinsa, babu kuma abokin zaman da zai sauya lissafin. Bugu da ƙari, sakamakon mutum guda kan tona na wasu. Idan jika ya auna aka samu, to an yanke wa uwarsa ko ubansa hukuncin da ba su nema ba. Wajabta irin wannan awo daidai yake da buga wa gida guda tambarin da ba ya gogewa, har da rabin ƴaƴansa da ba su gaji komai ba.

Wannan ba ya nufin a yi aure bisa yaudara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Saurayi ko budurwar da ta san cutar ta kama mahaifi ko mahaifiya, wajibi ne ta gaya wa wanda za ta aura, baki da baki, tun kafin a kai kuɗi, a bayyana masa kashi 1 cikin 2 ɗin nan yadda yake. Abin da aka sani na gida, a faɗe shi. Abin da ba a sani ba na jini, a bar wa mai shi zaɓin ya buɗe ko ya bari. Wanda ya ji ya ce ya fasa, ba a zarge shi ba. Wanda ya ji ya ce ya yarda, ya shiga da idonsa buɗe, irin wannan auren kuma shi ne ke jure ranar da jinya ta zo.

Rashin waraka ba rashin abin yi ba ne

Dole a faɗi gaskiya ƙarara domin a toshe ƙofar ƴan damfara: babu ƙwaya, babu allura, babu saiwa ko turare da ke warkar da cutar nan. A 2021 kamfanin Roche ya dakatar da wani babban gwaji na maganin da aka ɗora wa buri, saboda bai amfani majinyata ba. A watan Satumba na 2025 kamfanin uniQure ya sanar cewa wani magani da ake zubawa cikin ƙwaƙwalwa ta hanyar tiyata mai ɗaukar fiye da sa'a 10 ya rage saurin cutar da kashi 75 cikin 100 bayan shekara 3. Labari ne mai daɗi, amma mutum 29 kawai aka yi wa gwajin, 12 daga cikinsu aka gina wannan lissafi a kansu, kuma lokacin sanarwar babu hukumar magunguna da ta ba shi izinin shiga kasuwa. Ko ya tabbata, masuntan Marakaibo sun isa misali: su suka ba da jini, amma talauci bai bar su sun ci moriyar abin da aka gano da shi ba.

Duk da haka akwai abin yi mai yawa, kuma akasarinsa ba ya bukatar dukiya. Akwai magungunan rage fizgar jiki, kamar tetrabenazine da Amurka ta amince da shi a 2008, da tsofaffin magunguna masu araha irin su haloperidol da likita zai iya rubutawa. Ƙuncin rai na jin magani, kuma kula da shi na iya ceton rai, domin haɗarin kashe kai ya fi tsanani a farkon ciwon, lokacin da mutum ke ganin abin da ke tafe. Majinyaci na bukatar abinci fiye da mai lafiya, mai laushi mai kauri irin kunu da fura da tuwon da aka sassauta da miya, a ba shi yana zaune sosai, kaɗan-kaɗan, ba gaggawa. A kau da wuta da wuƙa da bakin rijiya daga hanyarsa. A yi masa tambaya guda, a jira amsa. Kada a sa shi a mari, kada a kulle shi a ƙuryar ɗaki don kunyar baƙi. A kuma tuna da mai jinyar, wadda galibi mace ce guda da za ta shekara 15 tana ɗawainiya. Dangin da ba su karɓe ta ko na yini guda a mako ba, ba su da bakin yi mata gori.

Abin da ya rage ga hukuma da jama'a

Ban nemi a gina wa cutar nan asibiti nata ba, ƙasar na da abin da ya fi wannan gaggawa. Abin da nake nema ba shi da tsada. Makarantun likitanci na jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram, da makarantun horar da ma'aikatan jinya, su koya wa ɗalibansu tambaya guda da ba ta cin ko dala: akwai wanda ya taɓa yin irin wannan ciwo a gidanku? Da wannan tambaya ce likitan ƙauye ya gano cutar a 1872, ba da na'ura ba. Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya kaɗan ne, a manyan birane kuma suke, don haka ma'aikacin jinya na karkara ne zai fara gani, shi ya kamata ya san lokacin da zai tura majinyaci gaba.

Ta fuskar doka ma akwai tushen da za a ɗora a kai. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta riga ta hana mai ɗaukar aiki nuna bambanci saboda naƙasa ko sida ko amosanin jini. A faɗaɗa wannan kariya ta haɗa dukan cututtukan gado, a sa makamanciyarta cikin dokar ma'aikatan gwamnati, a kuma rubuta ƙarara cewa ba a auna jinin kowa don gano cutar gado sai da yardarsa, ba a kuma ba wani sakamakon. Ma'aikacin da halinsa da tafiyarsa suka sauya ba gaira ba dalili, a kai shi gaban likita kafin a kai shi gaban kwamitin ladabtarwa, idan ciwo ne a ba shi hutun jinya ko ritayar rashin lafiya da haƙƙinsa cikakke. Ƙungiyoyin ƙwadago da na ƴan kasuwa su ne suka fi cancanta su ɗauki wannan magana, domin membobinsu ne abin zai fara shafa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Awon nan zai yi araha, zai kuma iso dakunan gwajinmu kamar yadda na amosanin jini ya iso. Idan ya tarar ba mu da doka, ba mu da likitan da ya san yadda ake isar da irin wannan labari, ba mu kuma daina kiran majinyaci maye ko mashayi ba, to mai kuɗi zai auna wanda ya so, suruki zai nemi takarda, gidaje kuma za su koma ɓoyon da ya hana Turawa gane cutar shekara da shekaru. Babu wanda ya zaɓi jinin da aka haife shi da shi. Abin da ke hannunmu shi ne yadda za mu riƙe wanda rabon ya faɗa kansa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri da lada.